Yaranmu da matatar intanet ta makaranta: hukunci ɗaya ya dace da kowa?

Abu Sadik (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, don ta shafi 'ya'yan da yawa daga cikinmu. Kamar yadda wasunku suka sani, ni ke kula da kwamfutoci da intanet a wata makarantar kuɗi a nan Jidda, kuma yaran Hausawa suna da yawa a cikinta. Intanet ɗin makarantar akwai matata a kansa, wato akwai shafukan da aka toshe, ba sa buɗuwa. To yara sun gano hanyar zagaye ta, maganar har ta kai kunnen mudir, wato shugaban makarantar. Ya ce in rubuto masa sunan duk wanda aka kama, a kira iyaye, a yi musu hukunci iri ɗaya.

Raina bai kwanta da hukunci iri ɗaya ba. Yaron da ya saka VPN a tabulet ɗin makaranta don ya kalli wasan ƙwallon Ittihad da Hilal, da yaron da ya tsaya bayan ustaz ya leƙi kalmar sirrinsa ya shiga da sunansa, ba laifi ɗaya suka yi ba. Na farko taurin kai ne. Na biyu cin amana ne, kuma yana iya kai shi inda ba a so. Akwai kuma kashi na uku da ba a so a yi maganarsu: waɗanda suka zagaye matatar don darasin da aka ba su bai buɗuwa. Kafin in shiga wurin mudir ina so in ji ra'ayinku a matsayin iyaye.

Hajiya Binta (Makka, Shara Mansur):
Wa alaikumus salam. Abu Sadik, ni dai ban ga abin rarrabewa ba. An ce kada ka shiga, ka shiga, magana ta ƙare. Mun bar gida mun zauna a wannan ƙasa, babban abin da muke taƙama da shi shi ne tarbiyya. Idan yaro ya saba tun yanzu cewa doka tana da hanyar bayan gida, gobe ba ƙwallo zai kalla ba. A kira iyayen, a kore su na mako guda gaba ɗaya, sauran su ji tsoro.

Kawu Isa (Riyad):
Ni direba ne, ban san kan waɗannan abubuwa ba. Don Allah a yi mini bayani tukuna. Mene ne matatar, kuma ta yaya yaro ɗan shekara goma sha uku yake fin ƙarfinta?

Abu Sadik (Jidda):
Kawu, ba fin ƙarfinta yake yi ba, kauce mata yake yi. Bari in sauƙaƙa. Duk lokacin da aka rubuta sunan shafi, na'urar sai ta tambayi wani wuri lambar adireshin shafin kafin ta isa can. Wannan wurin tambayar shi ake kira DNS. A makaranta mun sa duk tambayar ta bi ta hannunmu. Kamfanin da muka sayi matatar a wurinsa ya kasa shafukan duniya rukuni-rukuni: caca, batsa, wasanni, bidiyo, dandalin sada zumunta da sauransu. Mu kuma sai mu zaɓi rukunin da za a rufe. Idan yaro ya nemi shafin da ke cikin rufaffen rukuni, sai allo ya nuna masa an toshe.

VPN kuwa manhaja ce da take ƙunshe duk abin da na'urar ke aikawa, ta kulle shi, ta tura wa wata kwamfuta a wata ƙasa, ita ce za ta je ta ɗauko masa shafin. Ni a ɗakina ba na ganin shafin da ya buɗe. Abin da nake gani shi ne tabulet mai lamba kaza ta manne da adireshi ɗaya a Turai tun daga darasi na biyu har aka tashi, data tana ta kwarara. Da na ga haka na san abin da ake ciki. Yaran suna zaton sun ɓace, alhali sun fi kowa fitowa fili. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu, jawwal, wato wayar hannu, suke ɓoyowa a jaka duk da an hana shigowa da ita, ɗaya ya kunna data, mutum biyar su hau kai. Wannan kam babu matatar da za ta hana, sai idon malamin aji.

Malam Nura (Madina):
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Hajiya, don a san inda muke zaune. Ƙasar nan da kanta tana tace intanet tun ranar da aka buɗe shi ga jama'a a 1999. Da farko cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad ce take riƙe da aikin, a 2006 aka mayar da shi hannun hukumar sadarwa, wadda a 2022 aka sauya mata suna aka haɗa mata da harkar sararin samaniya. Wato ko ka hau STC ko Mobily ko Zain, akwai matata a samanka tun kafin a zo ta makaranta. Amma ga abin lura: ita hukumar ta tanadi fom da mutum zai cike ya nemi a rufe shafi, akwai kuma wanda zai cike ya nemi a buɗe idan yana ganin an toshe shi bisa kuskure. Gwamnati ma ta yarda na'ura tana kuskure. To makarantar ku, Abu Sadik, tana da irin wannan ƙofa? Idan ɗalibi ya ga an toshe masa abin karatu, wa zai gaya wa?

Sai kuma doka. Akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007. A cikinta, wanda ya shiga kwamfuta ba da izini ba da nufin goge bayanan sirri ko sauya su ko fitar da su, ana iya ɗaure shi har shekara 4, ko tarar da ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. Yaron da ya shiga da sunan ustaz, da a ce ya taɓa makin wani, ka ga inda maganar ta dosa. Mu kuma da yawanmu da iƙama muke zaune, kowa ya san abin da shiga shari'a yake jawo wa baƙo da iyalinsa. Don haka na yarda da kai, wannan yaron daban yake, kuma mahaifinsa yana bukatar a zaunar da shi a karanta masa wannan sashe.

Abu Sadik (Jidda):
Babu ƙofar, Malam. Shi ne rabin damuwata. Sai dai malami ya tare ni a hanya ya ce in buɗe masa kaza.

Ummu Rayyan (Jidda):
Na gode da aka zo nan, don ni abin ya daɗe yana ci mini rai. Ina koyar da ilimin halittu a sashen 'yan mata a wata makaranta. Manhajar karatu da kanta ta ce a koyar da yadda jikin mutum yake aiki, da cututtuka. Na ba ɗalibaina aiki a kan sankarar mama, don a watan Oktoba ko'ina a ƙasar nan ana wayar da kai a kanta. Muka shiga ɗakin kwamfuta, yarinya ta rubuta abin da take nema, sai jan allo ya fito, an toshe. Ta juyo tana kallona fuskarta ta yi ja, kamar an kama ta da wani abin kunya, ƙawayenta suna ta ƙus-ƙus. Yarinyar da mahaifiyarta ke jinyar wannan ciwon ce. Matatar ba ta san wannan ba, kalma kawai ta gani ta rufe.

YouTube kuma an rufe shi ɗungurungum, alhali darussan tashar Ain ta ma'aikatar ilimi suna can ciki. Kada mu manta, a 2020 da annoba ta zo, mu da hannunmu muka miƙa wa yaran nan tabulet muka ce su hau Madrasati, dandalin karatu ta intanet na ma'aikatar. Sun yi shekara da wani abu suna karatu ta allo, sun saba idan ba su gane ba su nemi bidiyo su maimaita. Yau sun dawo aji mun ce abin da ya koyar da su jiya haramun ne. Hajiya, ki yi haƙuri, amma yarinyar da ta nemi hanya don ta gama aikin da ni na ba ta, ba zan sa hannu a kore ta ba.

Hajiya Binta (Makka, Shara Mansur):
Ummu Rayyan, Allah ya ba mahaifiyar yarinyar lafiya. Amma ai ke ce malama. Ke ya kamata ki gwada shafin tun da dare, ki nemi a buɗe. Ba yara za su yanke wa kansu hukunci ba.

Ummu Rayyan (Jidda):
In nema a wurin wa, Hajiya? Mai kula da namu kamfani ne daga waje, sai an rubuta takarda ta bi ta ofis. Kafin amsa ta dawo an wuce babin.

Auwal (Makka, Rusaifa):
Iyayena ku yi mini izini in ce wani abu, ni bara na gama sakandare. Ba rashin kunya zan yi ba. Kuna tambayar inda yara suka koyi VPN. A gida muka koya. An yi shekara da shekaru kiran WhatsApp ba ya shiga a ƙasar nan, ko da aka buɗe su Skype a 2017 shi bai biyo ba. Duk gidan da ake kiran Kano ko Zariya ko Damagaram a gaida kaka, akwai VPN a wayar Baba ko ta Mama, kuma mu ake miƙo wa wayar a ce, zo ka kunna mini abin nan. Yaro ɗan shekara tara ya san idan abu ya ƙi buɗuwa, maɓallin nan ake dannawa. Da ya je makaranta abu ya ƙi buɗuwa, abin da ya saba shi ya yi. Wallahi da yawa ba su ɗauke shi laifi ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga dalilin da ya sa aka rufe. Takarda kawai aka manna a bango an rubuta mamnu'u, wato an hana.

Kawu Isa (Riyad):
Yaron nan gaskiya ya faɗa. A wayata ma akwai, 'yata ce ta saka mini.

Hajiya Binta (Makka, Shara Mansur):
Auwal, ɗana, sada zumunci da kakarka daban, kallon abin banza a aji daban. Kada ka haɗa.

Auwal (Makka, Rusaifa):
Haka ne Hajiya, ban ce ɗaya ba ne. Cewa na yi hanyar ɗaya ce, kuma ba a koya mana bambancin ba.

Abu Sadik (Jidda):
Auwal ya taɓa inda nake so a je. Dalilin da ba a gaya musu ba, bari in faɗe shi a nan, don ba maganar tarbiyya kaɗai ba ce. Yara ba sa sayen VPN, na kyauta suke saukewa. Wanda ya ba ka kyauta kuwa da wani abu yake biyan kuɗin kwamfutocinsa. A 2015 aka bankaɗo cewa manhajar VPN ta Hola, wadda miliyoyin mutane ke amfani da ita, tana sayar da layin intanet na masu amfani da ita ga wasu, wato wani can zai yi aikinsa da adireshinka. A 2016 masu bincike, ciki har da na cibiyar CSIRO ta Ostireliya, suka duba manhajojin VPN 283 na Android, suka samu alamar muguwar manhaja a kashi 38 cikin ɗari, wasu kuma ko kulle bayanan ba sa yi. To ka ɗauki irin wannan ka saka a tabulet ɗin da ke kan layi ɗaya da kwamfutar ofis, inda hoton iƙamar ɗalibai da fasfo ɗinsu da lambobin wayar iyaye suke ajiye. Kamar yaro ne ya buɗe tagar bayan gida don ya sha iska, ya tafi ya bar ta, alhali dukiyar mutanen gidan duka tana ciki.

Kuma a ƙasar nan ba sai an ba mu labari ba. A watan Agustan 2012 cutar kwamfuta mai suna Shamoon ta goge kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin mai na Aramco. Kamfani mai tarin kuɗi da ma'aikata ke nan. Makarantar da mutum ɗaya ke kula da komai fa? Idan aka kulle mana bayanai aka ce sai mun biya, sakamakon yara na shekaru ya tafi. Na tabbata idan aka nuna wa ɗan aji tara wannan a fili, aka ce hoton fasfo ɗin ƙanwarka yana cikin abin da kake sakawa a haɗari, zai fi jin maganar fiye da korar mako guda.

Ummu Rayyan (Jidda):
Ina da tambaya, kuma ina so ka amsa tsakani da Allah. Kana karanta saƙonnin yara?

Abu Sadik (Jidda):
A'a. Yawancin shafuka yanzu a kulle suke tsakanin na'ura da shafin, don haka sunan shafin nake gani da lokacin da aka shiga, ba abin da ke ciki ba. Amma a na'urar da makaranta ta mallaka ana iya saka abin da zai sa a ga fiye da haka, har abin da aka rubuta a wurin bincike. Mu ba mu kunna shi ba. An taɓa kawo shawarar a kunna, na ce sai an sanar da iyaye da ɗalibai a rubuce.

Malam Nura (Madina):
Ka kyauta. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah ya hana bin diddigin asirin mutane. Makaranta tana da haƙƙin tsare kayanta da kare yara, amma a faɗa musu tun ranar farko: wannan na'ura ana ganin inda ta shiga. Wanda ya sani ya shiga, shi ya jawo. Abin da nake tsoro shi ne jerin sunayen nan. Idan ka miƙa takarda mai sunan yaro da shafin da ya buɗe, gobe tana cikin zauren WhatsApp na malamai, jibi tana unguwa. Mu kuma kun san yadda muke, daga unguwar Misfala zuwa Jarwal a Makka kowa ya san kowa. Yaro ya yi kuskure yana da shekara goma sha huɗu, ranar da zai nemi aure a tuna masa.

Hajiya Binta (Makka, Shara Mansur):
Malam, na ji aya. Amma hadisi ma ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Idan ɗana ya buɗe abin da bai dace ba a makaranta, aka rufe mini da sunan rufin asiri, wallahi ba zan yafe ba. Ni ce uwarsa. Ni za a tambaya.

Malam Nura (Madina):
Ban ce a ɓoye miki ba, Hajiya. A kira ki ke kaɗai, a rufe ƙofa, a gaya miki. Abin da na ƙi shi ne a tara iyaye goma a ɗaki ɗaya a karanta sunaye.

Hajiya Binta (Makka, Shara Mansur):
To wannan na yarda. Amma a kira ni ko da ƙwallo ya kalla.

Auwal (Makka, Rusaifa):
Yaya Abu Sadik, wani abu kuma. A ajinmu akwai wanda duk abin da aka toshe sai ya gano hanya, ba don yana son abin da ke ciki ba, shi dai ya ga ya iya. Irin wannan yaron idan aka kore shi, a gida zai ci gaba, babu mai kallonsa, sai ya haɗu da waɗanda za su koya masa satar asusun mutane. Alhali a ƙasar nan neman irinsu ake yi. An kafa hukumar tsaron intanet ta ƙasa a 2017, akwai tarayyar tsaron intanet da shirya manhaja da take yin gasa, ita ce ta yi babbar gasar shirya manhajojin aikin Hajji a Jidda a 2018, kuma ana yin taron masana tsaron intanet na Black Hat a Riyad. Akwai shafukan da aka gina musamman don mutum ya koyi kutse a kansu da izini. Me zai hana makaranta ta ware musu kwamfuta biyu da ba su haɗe da na ofis ba, su yi ta gwaji a ƙarƙashin idonka?

Abu Sadik (Jidda):
Wannan zan kai wa mudir, da sharaɗi. Wanda ya shiga da sunan ustaz ba zai fara da lada ba. Sai ya fuskanci mahaifinsa, ya nemi gafarar malamin, an janye masa na'ura na wani lokaci. Bayan nan, idan ya nuna ya gane, ƙofa a buɗe take. Su ma malamai akwai gyara a wurinsu, don kalmar sirrin da ake rubutawa a takarda a liƙa a gindin allo ba kalmar sirri ba ce. Zan nemi a raba layin ɗalibai da na ofis gaba ɗaya, a hana saka kowace manhaja a tabulet sai da izinina, a buɗe YouTube a yanayin da yake tace bidiyo maimakon a rufe shi baki ɗaya. Sannan a shafin da ke nuna an toshe, a sa wurin da ɗalibi ko malami zai rubuta dalilin da yake so a buɗe, ni kuma in duba a ranar.

Ummu Rayyan (Jidda):
Idan ya amince ka turo mini yadda ka tsara fom ɗin, in kai wa tamu mudirar.

Hajiya Binta (Makka, Shara Mansur):
Ni dai maganar ba su kwamfuta su koyi kutse har yanzu ba ta kwanta mini ba. Ku gwada, amma da sanin iyayensu, kuma a rubuce.

Kawu Isa (Riyad):
To mu da muke gida fa? Ina fita tun asuba, ba na dawowa sai bayan isha. 'Yata tana da waya saboda karatu. Me zan yi?

Abu Sadik (Jidda):
Kawu, idan Android ce, akwai manhajar Google mai suna Family Link, kyauta ce. Za ka saka a wayarka ka haɗa da asusunta, duk manhajar da za ta sauke sai ka amince, kuma za ka iya sa lokacin da wayar za ta kulle da dare. Idan iPhone ce, abin yana cikin saitin wayar, sunansa Screen Time. A na'urar waifai ta gida kuma ana iya sauya DNS zuwa 1.1.1.3 na kamfanin Cloudflare, yana toshe shafukan batsa da masu ɗauke da cuta ga duk wanda ya hau. Ka zaunar da ita ku saka tare, ka gaya mata dalili, kada ta tashi ta tarar an kulle. VPN ɗin da ke wayarka kuma ka turo mini sunansa ta akwatin sirri in duba maka ko na kirki ne. Bayan sallar Juma'a ina gida, ka kira ni mu bi saitin ɗaya bayan ɗaya.